Takalman Tirtha a Ƙofar Naga

"Sake shi, tsohuwa!"

Kaka Nuche Maya ba ta saki ba. A ɗakin bauta ta rungume Naga, maigidan ruwan unguwarmu a birnin Patan, gunki na jar tagulla, jikin mutum wutsiyar maciji, kawuna bakwai sun yi masa laima. Madarar da ta zuba masa da safe ko bushewa ba ta yi ba.

Rana tsaka ce fa! Rudra, ogan 'yan fashin, ya iya zaɓen lokaci. Duk mun tafi jan karusar bikin damina, har ni da na rufe teburin shayina. Tsohuwar kaɗai aka bari.

"Oga, bi ta a hankali," in ji na biyunsu, fuskarsa a naɗe da ƙyalle.

Kaka ta dubi ƙafafunsa. Babu takalmi. Rudra ya shigo da nasa ƙafa-ciki har gaban fitila, shi kuwa wannan ya tuɓe nasa a bakin ƙofa.

"Tirtha?" ta ce. "Kai ne, ɗan Asta Man maƙeri? Ubanka ne ya gyara kawunan nan da hannunsa. Tir da kai!"

Rudra ya buga mata gindin bindiga a goshi. Ta zube, jini na bin idonta, amma bakin bai mutu ba.

"Ku ɗauka, matsiyata! Naga ba zai bar garin nan ba. In ya bari, ku zo ku tofa mini yawu!"

"Ƙarfe ne, Kaka, ƙarfe!" Rudra ya yi dariya yana cusa shi a buhu. "Mu ware!"

Tirtha ya tayar da babur ƙafa ba takalmi. Rudra ya haye baya, buhun a tsakaninsu. Lungu, kwana, wani lungun. Can bakin kogi Bhola, na ukunsu, yana jira da mota, daga nan sai kan iyaka.

A dandali kuwa Sufeto Lama yana fama da masu jan igiyar karusa, sai ga Kaka tana tangaɗi, zaninta duk jini.

"Sun ɗauke Naga! Me kake kallo, ɗan nan? Tashi!"

Ya busa usur. Mu dai ba mu jira 'yan sanda ba, muka saki igiya muka bazama.

Babur ya ɓullo mararraba. A tsakiyarta farar kubbar Buddha take. Lungun kogi yana dama, a yanke kawai a shige. Amma duk wanda aka haifa a nan ya san ba a ba wa kubba hagu, rashin girmamawa ne. Ta hagu ake shiga a zagaya, tana hannun damanka. Kuma zagayen ta bakin dandali yake bi, inda muke.

"Dama!" Rudra ya daka tsawa. "Yanke ta dama!"

Babur ya karkata hagu.

"Kai, mahaukaci ne? Mutane ne a can!"

"Da Naga a bayana? Ba zan yanke ba, Oga."

"Zan fasa ka!"

"Fasa!"

Tau! Harbi ɗaya, a haƙarƙari. Babur ya kwanta yana jan ƙasa, buhun ya daki dutsen kubba, ƙarar tagulla ta cika mararraba. Rudra ya miƙe zai ruga, muka rufe shi. Ba don Sufeto ya shiga tsakani ba, da ba a samu abin kaiwa kotu ba, kuma ni ban ji kunyar nawa dukan ba. Bhola yana jin harbi ya ja mota, har yau babu labarinsa.

Kaka ta durƙusa kan Tirtha. Yana numfashi da ƙyar.

"Kaka... mantuwa na yi, hannuna ne ya..."

"Rufe mini baki, ɗan banza. Na san abin da ka yi."

A cinyarta ya cika.

Naga ya koma mazauninsa da kai ɗaya a lotse. Maƙera sun zo gyara, Kaka ta kore su da tsintsiya. Masu cewa a zubar da takalman ɓarawo ma sun zo, har da manyan unguwa.

Takalman suna nan a bakin ƙofa, inda ya tuɓe su. Kullum da safe sai ta share kewayensu kafin ta shiga da madara.

"Wanda ya taɓa su," in ji ta, "da ni zai yi."