Saƙonnin da Lele Ke Kaiwa

"Har shi kika kira?!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Yana tsaye a ƙofar ofishin malamar da rigar gareji, baƙin mai har gwiwar hannu. Wata biyar rabona da fuskar mijin nan nawa, tun ranar da na kwashi keken ɗinkina na koma gidan Yayata. Amma zuciyar nan tawa marar kunya sai da ta buga!

"Zauna, Maman Lele," in ji malamar ajin 'yarmu. "Maganar ta ku biyu ce."

Ya ja kujera can nesa da ni. Malamar ta ci gaba.

"Duk Juma'a da Litinin Lele sai ta yi ciwon ciki, likita kuma ya ce lafiyarta ƙalau. Sai na lura ranakun ne take tashi daga hannun ɗayanku zuwa ɗayan. Jiya na same ta a bayan aji tana magana ita kaɗai, tana maimaitawa kamar mai hadda. Ta ce min wai aiki take yi. Wa ke kai saƙo tsakaninku?"

Muka kalli juna.

Ni na toshe lambarsa, da zugar Yaya. "In yana da magana ya aiko!" To wa zai aiko in ba 'yar shekara bakwai ba?

"Ranar Juma'a me kika aike ta da shi?" malamar ta tambaye ni.

Na sunkuyar da kai. "Na ce... in ba zai iya wanke mata kayan makaranta ba, ya daina ɗaukarta."

Ya juyo a firgice. "Ba haka ta ce min ba! Cewa ta yi, Mama ta ce sannu da ƙoƙari, wai ka riƙa jiƙa farar rigar kafin ka wanke."

Malamar ta juya gare shi.

"Kai fa, Baban Lele?"

Ya sosa ƙeya. "Na ce ta daina cika wa yarinya kunne da maganata, ita da yayarta mai bakin..." Ya haɗiye sauran.

"Ni kuwa ce min ta yi kana gaishe ni," na faɗa. "Har da Yaya."

Allah mai iko! Wata biyar muna jifan juna da baƙaƙen maganganu, ashe ko ɗaya ba ta taɓa isa ba. 'Yar ƙanƙanuwar nan da ba ta iya ɗaure igiyar takalminta ba, ita ke zama ta tsince ƙayar ta kawo mana sauran. Wallahi tsoronta na ji, na ji kunyarta, na kuma ji ban cancanci haihuwarta ba.

"Ta ɗauka ita ta raba ku, ita kuma za ta gyara," malamar ta ce a hankali. "Ku koma ko kar ku koma, wannan naku ne. Amma ku sauke mata kayan nan yau."

Hawaye suka ɓalle min. Akwai saƙo ɗaya da na ɓoye a raina, ko Yaya ban gaya wa ba.

"Ashe har wanda ta ce... wai kana kewata... shi ma ita ta ƙirƙira?"

Ya kalli hannuwansa.

"Wannan ban aike ta ba. A mota na faɗa, na ɗauka barci take." Ya ɗago jajayen idanu. "'Yar rigimata, gidan nan ya yi min faɗi. Na fifita gareji a kanku, na sani."

"Ni ma bakina..."

"Bakin nan nake kewa, hasken idona."

Malamar ta yi gyaran murya, ta tura aka kira Lele. Ta shigo tana duba fuskata, tana duba tasa.

"Na yi laifi ne?"

Ya durƙusa gabanta. "Ba ke kika raba mu ba, Lele. Mu ne. Daga yau an sallame ki daga aiki."

"Ki so Babanki son ranki, ko a gabana," na ce. "Ba zan yi fushi ba."

Ta tsaya cak, sai kuma ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Muka rungume ta tare, man garejinsa ya ɓata min mayafi, ban damu ba.

Ba ranar na koma ba. Wata biyu muka yi muna magana baki da baki, muna faɗa muna shiryawa. Yaya ta yi tsalle ta dire, ta ce na zubar mata da mutunci, amma ita ta riƙo min ƙafar keke muka sa a mota.

Shekaranjiya ina tsakiyar ɗinki bakina ya suɓuce.

"Lele, je ki ce wa Babanki..."

Ko ɗagowa ba ta yi daga zanenta ba.

"Ga shi can a falo, Mama. Ai kina da baki."

Rashin kunya ƙiri-ƙiri! Ni kuwa daɗi ya cika ni har wuya. Na ajiye almakashi, na tashi na tafi da ƙafata.