Zazzaɓin Kwamfutar Malam Sha'aban

A wani ƙauye kusa da Kunci, inda gona ke manne da gona, akwai wani yaro ɗan aji shida. Shi ne autan gidansu. Yana da yaya mai suna Khaulat.

Khaulat za ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta. Bara ta je ba ta saba da kwamfuta ba. Ta yi ta laluben maɓallai har lokaci ya ƙare. Baba ya ce in bana ma ba a dace ba, to sai a haƙura.

Malam Sha'aban, malamin lissafi, ya tausaya mata. Ya ara mata ƙaramar kwamfutarsa don ta saba.

Wata safiya Khaulat ta tafi kai wa Baba abinci gona. Yaron ya lallaɓa ɗakinta, ya kunna kwamfutar zai yi wasan mota. Sai ga saƙo ya fito: antibairos, wato manhajar da ke gadin kwamfuta daga cuta, tana sabunta kanta. Wani koren layi yana tafiya kamar hawainiya. Motar wasan kuwa sai tsayawa take yi.

"Kai, wannan abu da ɓata lokaci!" in ji yaron.

Ya danne maɓallin kashewa har ta mutu. Ya sake kunna ta.

Ai kuwa sai fankar ciki ta fara kuka, fuuu! Gindin kwamfutar ya ɗau zafi kamar tanda. Komai ya taɓa, sai ya yi ta jira.

Ya ruga wurin Munir mai cajin waya, ya faɗa masa abin da kwamfutar ke yi.

"Bairos ne, Auta," in ji Munir, ko kallonsa bai yi ba. "Ungo wani antibairos a memori. Saka mata, za ta miƙe."

Ya dawo ya saka. Abu ya ƙara taɓarɓarewa. Ya rufe ta, ya mayar inda take, ya yi gum.

Damina ce ta yi nisa. Kullum gari a lumshe, solar gidan ba ta samun rana sosai. Ɗan cajin da aka samu, kwamfutar na shanye shi kafin Khaulat ta amsa tambaya ɗaya.

"Inna, wallahi ban yi mata komai ba," in ji Khaulat, tana hawaye. "Da wane ido zan kalli Malam?"

"Bari kuka, 'yar nan. Ko iskar damina ce ta shige ta?"

Inna ta ɗauko mafici tana yi wa kwamfutar fifita. Ba wanda ya yi dariya.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Khaulat ta daina cin abincin kirki. Rannan yaron ya hango ta a bakin rumbu. Ta zana maɓallai a jikin kwali, tana dannawa da yatsa. Nan ya kasa daurewa.

"Yaya, ni ne."

"Kai ne me?"

Ya faɗa mata komai. Ba ta dake shi ba. Ta dai dube shi, ta ce, "Auta, kana kallo ina kuka, ka yi shiru?"

Da dukansa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Suka ɗauki kwamfutar sai gidan Malam Sha'aban. Malam ya buɗe wani shafi mai nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta.

"Matso ka gani. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwarta, ga ta nan ta cika maƙil. Ka yanke wa antibairos na farko aiki a tsakiya, shi ya sa yake ta farawa daga farko. Ka kuma kawo na biyu, kowa yana zaton ɗan'uwansa ɓarawo ne. Zakaru biyu a akurki ɗaya, ina zaman lafiya?"

Malam ya cire na Munir. Ya ce na farkon yana bukatar intanet don ya ƙarasa, sai a jona kwamfutar da wayarsa. Ƙauyen kuwa ba a samun sabis sai a kan tudun bayan makaranta.

"Wa zai riƙe wayar?" in ji Malam.

"Ni, Malam."

Yaron ya hau tudu, ya ɗaga wayar sama. Ana yayyafi. Malam na gefe ƙarƙashin lema, rungume da kwamfuta. Koren layin nan yana jan jiki. Hannun yaron ya sage, amma bai sauke ba.

Can sai layin ya cika. Fanka ta yi tsit.

Yini ɗaya ya rage wa Khaulat, ta kuma yi amfani da shi. Da sakamako ya fito, ta ci. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Khaulat ta ja kunnen ƙanenta, tana murmushi. "To, likitan kwamfuta, me ka koya?"

"Ba zan ƙara taɓa kayan aro ba izini ba, Yaya. In kuma na yi ɓarna, zan faɗa tun da wuri."

Yara, ku riƙe wannan. Gaggawa tana ɓata aiki, amma ɓoye laifi ya fi laifin ciwo.