Mai Ƙwanƙwasa a Injin Motar Baba

Rana ta yi ja a kan Kalgo, awaki na komawa gida, sa'ad da Rilwanu ya ɗaga bonet ɗin motar mahaifinsa karo na huɗu a yinin. Tsohuwar mota ce ruwan toka, ƙirar shekarun saba'in. Kafin tsohon ya rasu ya ce a bar wa Zayyanu ita, ƙanen Rilwanu, manomin da ko filogi bai taɓa kwancewa ba. Rilwanu kuwa makaniki ne, har da takardar shaida. Ya je gidansu a Gwandu ya ce zai yi mata sabis, ya taho da ita, wata biyu ke nan bai mayar ba.

Tun ranar take ƙara, ƙwas, ƙwas, daga can cikin injin. Ya canza filogi, ya juye baƙin mai, ya ɗaure fanbel, duk a banza. Abin da ya fi ci masa rai, duk ranar da Zayyanu ya zo ya tayar da ita, lumui take tashi kamar sabuwa. Wato har ƙarfe ma ya san ɗan lelen Baba.

Ya dafa bakin doguwar sukundireba a jikin injin, ya kafa kunne a ƙotarta, yadda makanikai ke sauraro. Ba ƙarfe ya ji ba. Numfashi ya ji, a hankali, irin na tsoho. Ya kashe motar, ƙwanƙwasar ba ta daina ba.

Sai tsakuwa ta soma sauka a kan kwanon gidan, ɗaya bayan ɗaya. 'Yarsa Huseina, mai shekara goma sha biyu, ta fito da butar alwala, ta sandare a bakin zaure, ta faɗi. Da ta buɗe ido ba ta san kowa ba.

Washegari da la'asar Zayyanu ya iso da Malam Umar Faruk na Dalijan, wanda ya shahara da ruƙiya. Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta tashi zaune, ta yi magana da muryar dattijo. Ya tambayi mai maganar ko wane ne, muryar ta ce shi abokin tafiyar marigayi ne, a ɗumin injin nan yake zaune shekara talatin. Marigayi ba ya murza makulli sai ya yi sallama, Zayyanu ma haka. Rilwanu kuwa ya zo yana cusa masa ƙarafa.

"To mi ya haɗa ka da yarinya?" in ji Malam.

"Ubanta nika ƙi. Shekara talatin ina tare da tsohon, bai taɓa tambayar sunana ba. Duk Juma'a kan hanyar Kalgo, maganar tsohon ɗaya ce. Rilwanu ya gama makaranta, Rilwanu ya buɗe gareji. Motar ma cewa ya yi Rilwanu ya fi ƙarfinta."

Rilwanu ya jingina da bango.

Aljanin ya nemi a yanka masa baƙin bunsuru, Malam ya ƙi, ya ɗaga muryar karatu. Aka yi ta ja-in-ja har aljanin ya yarda zai fita idan motar ta koma Gwandu kafin magariba, kuma Rilwanu ba zai sake taɓa ta ba. Malam ya juyo ya dubi Rilwanu. Shi kuwa ya ciro makullin ya ajiye a tabarma. Huseina ta yi atishawa sau uku, ta ce tana jin ƙishirwa.

A zaure Malam ya ja Rilwanu gefe, ya gargaɗe shi cewa aljani maƙaryaci ne, kada ya riƙe maganarsa. Rilwanu ya gyaɗa kai, amma sai ya bi ƙanensa har bakin motar.

"Zayyanu, da gaske Baba na faɗin haka?"

Zayyanu bai dube shi ba. "Ni ke zama a kujerar gaba, Yaya. Ni ma shekara nawa na yi ina ji."