Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Da ƙarfe sha ɗaya da rabi na safiyar Talata aka bugo waya caji ofis. Rufin kankare ya rufto a wani bene da ake kan ginawa, ya danne mutum.

Kafin Sufeto ya isa, leburori sun riga sun tono gawar. Kafinta ne, ɗan shekara talatin da ɗaya. Gudumarsa na nan soke a ɗamara.

Sufeto ya zaga wurin sau ɗaya. A gefe an jibge turakun katakon da ake tokare sabon rufi da su har ya bushe. Ya tambayi yaushe aka zuba kankaren. Kwana tara ke nan, in ji wani birkila. Kwana nawa aka saba bari? Ashirin da ɗaya. To wa ya ce a cire turakun?

Duk idanu suka koma kan Foman, shugaban ma'aikatan, wani dattijo mai furfura da ke zaune a kan bulo da hular kwano a cinyarsa.

A ɗakin tambayoyi Foman bai yi gardama ba.

"Ni na sa aka cire, Yallaɓai."

"Shekara nawa kana wannan aiki, Baba?"

"Talatin da huɗu."

"Kuma ba ka san kankaren kwana tara ba ya ɗaukar kansa ba?"

"Na sani. Har rubutawa na yi. Injiniya ya ce ana bukatar katakon a ɗaya ginin. Na ce ban yarda ba, na rubuta takarda ranar Litinin. Ya karanta, ya rubuta a ƙasa cewa a cire, shi ya ba da izini, ya sa hannu. Da hannuna na kai wa Sakatariya."

"Ka riƙe kwafi?"

"A'a. Ai tana sa kowace takarda a na'ura kafin ta adana. Na ɗauka abin da ya shiga kwamfuta ya shiga ke nan."

Shugaban caji ofis bai ga abin jan lokaci ba. Mutum ya mutu, wanda ya ba da umarni ya amsa da bakinsa. Ya ce safiyar Alhamis za a kai Foman kotu bisa tuhumar sakacin da ya jawo kisa. In akwai wata takarda, Sufeto na da yinin Laraba ya kawo ta.

Ofishin kamfanin ɗakuna uku ne a saman wani shagon fenti. Injiniya ya karɓi Sufeto da ƙarfe tara, cikin farar riga mai guga. Bai wuce shekara arba'in ba.

"Abin tausayi ne ƙwarai," ya ce. "Dattijon yana da kirki, amma irin mutanen da ne. Sun fi yarda da idonsu a kan lissafi."

"Ya ce ya rubuto maka."

"Ni? Ban ga wata takarda ba. Da na gani ai da wannan bai faru ba."

"Ina ake ajiye takardun da ke shigowa?"

"Ɗakin Sakatariya. Ni rabona da shiga can ya fi mako."

Ɗakin Sakatariya ƙarami ne. Tebur ɗaya, kabad ɗin ƙarfe, firinta mai haɗe da sikana. Ta zaro fayil ɗin ginin ta miƙa. Takardar ƙarshe a ciki ta ranar Juma'a ce. A kan ƙarfen da ke riƙe takardun akwai ɗan guntun farar takarda da ya maƙale, bai kai farce ba.

Sufeto ya ciro shi ya sa a ambulan.

"Kin tuna takardar Foman?"

"Takarda talatin nake sawa a sikana kullum, Yallaɓai. Ba na karantawa. Ina sawa, ta ba ta lamba, in huda, in adana."

"To nuna mini ta a kwamfuta."

Ta juyo masa da allon. Tambarin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne kawai a tsakiya, kewaye da baƙi.

"Tun safe take haka. Na kashe na kunna sau shida. Ko motsi."

"Jiya fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Wa ke taɓa ta bayan ke?"

"Babu kowa. Ni kaɗai na san kalmar sirrin."

Ta faɗi haka tana gyara zaman kibod ɗin da bai karkace ba. Sufeto ya ɗaga shi. A ƙasansa an manna 'yar takarda da salatif, an rubuta kalmar da jan biro.

"Ke kaɗai, da duk mai hannu," ya ce. Ya fita baranda ya buga waya.

Kofur ta iso bayan minti arba'in da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ita ce mai kula da harkar kwamfuta a sashen bincike, kuma a ofis kowa Likita yake ce mata.

"Ina marar lafiyar?" ta ce.

Ta dubi allon, ta danna maɓallai biyu a kibod, ba abin da ya canja. Ta tambaya ko wuta ta yi wasa jiya, ko an ji ƙauri, ko ta yi ƙara lokacin kunnawa. Duk a'a. Ta kasa kunne jikin akwatin da ke ƙarƙashin tebur.

"Fanka na juyawa, faifai na juyawa. Ba mutuwa ta yi ba, Yallaɓai. Jira take."

"Jiran me?"

"Kwamfuta in ta farka, sai ta zaga ta ga abin da ke jone da ita kafin ta shiga aiki. In ta yi karo da wani abu da ya ƙi amsa mata, sai ta tsaya a kansa kamar mai sallama a gidan kurame."

Ta kashe ta daga soket. Ta haska ramukan filashi biyu da ke gaban akwatin. An cike su da gam.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Manaja ne," in ji Sakatariya. "Bara wani ya sa filashi ya kawo mana ƙwayar cuta. Tun daga nan ya hana."

Kofur ta sa safar hannu, ta durƙusa ta shige ƙarƙashin teburin. Muryarta ta fito daga can.

"Yallaɓai, leƙo. Ko'ina ƙura ce, sai nan. Wani ya riga ni rarrafe, kuma gwiwarsa ta fi tawa girma."

Ta ɗauki hoto sau uku, sannan ta jawo akwatin. A bayansa, tsakanin wayar firinta da ta kibod, an soke wani filashi baƙi, ƙarami kamar ƙwayar wake.

Sakatariya ta dafe ƙirji. "Wallahi ba nawa ba ne."

"To cire shi ta tashi mu ga takardar," in ji Sufeto.

"Za ta tashi. Shi ya sa ba zan bari ba." Kofur ta zaro sukudireba. "In an goge wani abu a ciki, duk minti ɗaya da ta yi tana aiki tana taka sawun ne."

Ta cire faifan ajiyar ta sa a leda, aka rubuta, Sakatariya ta sa hannu. Sannan ta yi gwaji a gabansu. Ta kunna babu filashin, kwamfutar ta wuce tambarin cikin daƙiƙa uku ta yi ƙorafin ba ta ga faifai ba. Ta mayar da filashin ta kunna, kwamfutar ta daskare a kan tambarin.

Sufeto ya rufe ɗakin, ya karɓi makullin.

Ƙarfe biyu ya wuce lokacin da Kofur ta kira shi ɗakin aikinta. Ta kwafe faifan da filashin, tana aiki a kan kwafin.

"Labari biyu," ta ce. "Foldar sikana babu ita a faifan. An goge ta jiya da ƙarfe biyu da minti goma sha tara, an kuma zubar da kwandon shara. Fayil dubu ɗaya da ɗari tara. Minti biyar kafin nan, an dunƙule foldar gaba ɗaya an tura cikin filashin, an kulle da kalmar sirri."

"Za ki iya fasawa?"

"In kalmar gajera ce, kwana biyu. In doguwa ce, sai jikokinka su karɓi rahoton."

"Gobe da safe za a kai dattijon."

"Na sani. Shi ya sa na bar ƙofa na bi ta taga." Ta juyo da allon. "Gogewa ba ƙonewa ba ce, Yallaɓai. Kamar ka yage shafin da ke nuna abin da ke cikin littafi ne. Sauran shafukan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Faifan nan tsoho ne, kuma ya kusa cika. Da ta tashi yau da safe, Sakatariya ta zuba takardunta talatin, da sun hau kan na baya. To ba ta tashi ba."

Fayilolin suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ba suna, sai lambobi. Suka fara daga ƙarshe. Rasit ɗin yashi. Takardar neman hutu. Wani zane. Na goma sha huɗu rubutun hannu ne da shuɗin biro, manyan baƙaƙe masu karkata. A ƙasa, da baƙin alƙalami, layi biyu: a cire turakun gobe Talata, na ba da izini. Sa hannu da kwanan wata.

"Filashin fa? Akwai wani abu ban da kullallen?"

"Fom ɗin sabunta lasisin aiki na Injiniya, har da hoton fasfo. Ya yi kyau a hoton."

Sufeto ya sa aka kawo Sakatariya. Ya ajiye mata kofin ruwa.

"Ƙanwata, jiya da ƙarfe biyu kina ina?"

"Manaja ya aike ni asibiti da takardun mamacin."

"Kin kulle ɗakin?"

Ta jawo kofin ruwan gabanta.

"Ba takardar ƙarƙashin kibod nake bincike ba. Mutum zai tafi kurkuku."

Ta sha ruwan. "A gigice na fita, ban kulle ba. Da na dawo, na tarar da Injiniya yana miƙewa daga bayan teburina, yana kakkaɓe wando. Ya ce bironsa ne ya faɗi. Kwamfutar a kashe. Na kulle na tafi gida. Da yamma ya kira ni wai in ba shi makulli zai ɗauki wani zane. Na ce na yi nisa. Yau da safe ma ya ce in je in sayo masa katin waya, shi zai tsare mini ɗakin. Ina shirin fita kuka shigo."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Shi ya samo mini aikin, Yallaɓai. Abokin yayana ne."

Da ƙarfe huɗu da rabi Injiniya ya zauna a kujerar da Foman ya zauna jiya. Sufeto ya ajiye ledar filashin a kan tebur.

"Ka san wannan?"

"Irinsa dubu ne a kasuwa."

"Mai fom ɗinka a ciki guda nawa ne?"

"To nawa ne. Ya ɓace tun watan jiya. Kowa na iya tsinta."

"Wanda ya tsinta ya rarrafa ƙarƙashin tebur jiya da ƙarfe biyu, ya miƙe yana neman biro?"

Injiniya ya gyara wuyan rigarsa. "Maganar yarinyar da ta bar ofis a buɗe za ka ɗauka? Abin da ke cikin filashin ma a kulle yake. Ba ku san mene ne ba."

"Wa ya ce maka akwai abin da ke kulle a ciki?"



Sufeto ya zaro takardar da aka buga ya tura masa. Injiniya ya karanta rubutun Foman, ya karanta nasa. Ya daɗe yana kallon sa hannun.

"Na goge wannan," ya ce a hankali.

"Ka goge. Filashinka ne ya tare ƙofa ya hana kwamfutar tashi ta ƙarasa maka aikin."

Injiniya ya yi wata gajeriyar dariya, ya rufe fuska da tafin hannu.

"Takarda ɗaya nake nema. Na buɗe foldar, lambobi ne zalla, kusan dubu biyu. Ina zan tsaya dubawa? In na goge duka kuma, zane-zanen aikin wata uku sun tafi. Na ce bari in kwashe, in cire guda ɗayan a gida, in mayar da sauran. Sai na ji takunta a matakala."

"Ta cikin fayil fa?"

"Na yage ta. Tana cikin kwata." Ya sauke hannunsa. "An ba mu wa'adin ɗaya ginin. Na taɓa cirewa a kwana goma, ba abin da ya faru. Ban yi nufin kowa ya mutu ba, Sufeto."

"Shi dattijon fa? Shi ma ba ka yi nufi ba?"

Injiniya ya dubi tebur.

Kofur, da ke zaune a gefe, ta turo masa kwamfutarta. Ya buga kalmar sirrin da yatsa ɗaya. Foldar ta buɗe, fayil dubu ɗaya da ɗari tara. Ta gwada takardar ciki da wadda ta ceto daga faifan, ta gyaɗa kai. Ya rubuta bayaninsa shafi biyu, ya sa hannu. Aka sa masa ankwa.

A kantar caji ofis, ɗan sandan da ke bakin aiki ya riga ya fito da Foman. Yana zaune a benci yana zura igiyar takalmi. Sufeto ya gaya masa yadda aka yi cikin jimla uku.

Foman ya saurara har ƙarshe.

"Amma fa ni na ce wa yaran su cire, Yallaɓai. Na san ba daidai ba ne, na ce su cire."

"Za ka faɗi haka a gaban alƙali. A matsayin shaida."

Aka fito da Injiniya ta ƙofar ciki, ɗan sanda na riƙe da gwiwar hannunsa. Foman na ganinsa ya miƙe tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ya matsa gefe ya bar masa bencin.

"Zauna abinka, Baba," in ji Sufeto. "Ba nan zai tsaya ba."

Aka karɓi agogon Injiniya da bel ɗinsa, aka rubuta a littafi, aka wuce da shi ciki.