Yatsan Tasalla a Ruwan Wanka

A can wani ƙauye an yi wata yarinya mai raki, sunanta Tasalla. Abu kaɗan ya taɓa ta, sai ta ce wash. Kakarta kuwa ta tsufa tana toya waina, har jijiyoyin yatsunta suka daina kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi.

Ran nan Kaka ta sirka ruwan wankan jariri, ƙanin Tasalla. Ta tsoma hannu ta ce, "Daidai."

Tasalla ma ta tsoma yatsa. Kafin ta yi tunani, hannun ya fizge kansa.

"Kaka, da zafi!"

"Tafi can, raguwa! Ke da ko koko sai an fifita miki?"

Tasalla na tsoron faɗan Kaka, amma ta rungume jaririn ta ƙi miƙa shi. "Kaka, da zafi. Sa gwiwar hannu ki ji."

Kaka ta sa, ta zabura. "Innalillahi! Da yanzu na ƙona ɗan angona, jikana!"

Aka ƙara ruwan sanyi, jariri ya sha wanka yana wutsil-wutsil da ƙafa. Tasalla na hura yatsanta da ke mata zugi, tana cewa, "Alhamdu lillahi da na ji."