Ganyen Mai Jego Ba A Karya Shi

Da safe Dasom na zaune a falonsu a garin Chuncheon na ƙasar Koriya ta Kudu tana ninke 'yan rigunan jarirai bisa ƙaton cikinta, sai mijinta Gitae ya shigo yana kaɗa makullin mota, yana irin murmushin wanda ya riga ya yi ɓarna.

"Masoyiya, haɗa jaka! Na ɗauki hutu. Za mu bi bakin teku daga Sokcho mu gangara kudu, ba gaggawa, duk garin da ya yi mana mu tsaya."

"Da gaske, Yaya? Mu biyu?"

Ya sosa ƙeya. "Mu uku dai... da Inna."

Dasom ta ajiye rigar da ke hannunta. Shekara uku da aurensu, Maman Gitae ba ta taɓa yaba ko ruwan da ta miƙa mata ba. Laifin yarinyar ɗaya ne: a gidan marayu ta tashi, ba a san uwarta ba balle danginta. Duk bikin girbi da sabuwar shekara tana zuwa ta durƙusa ta gaida surukar, ta wanke kwanuka har hannunta ya yi fari, ta dawo gida ta shige banɗaki ta yi kuka don kada mijin ya ji. Yana ji mana. Gitae yaron kirki ne, yana son matarsa, amma da uwarsa ta ɗaga gira ɗaya sai harshensa ya maƙale.

"Zan je," in ji Dasom. "Amma ka ji ni da kyau. Ni na saba roƙon a so ni, tun ina ƙarama sana'ata ke nan. Yarinyar da ke cikina ba za ta gaje ni ba. In muka dawo Inna tana nan yadda take, na daina taka gidanta, kuma ba zan kai mata jikarta ba."

"Haba masoyiya, don Allah..."

"Na gama magana. Ɗauko jakar."

Suka biya suka ɗauki tsohuwar. Ta shiga bayan 'yar ƙaramar motarsu da hular rana mai faɗin baki, fuska a ɗaure tamau, da ƙunshin naɗaɗɗiyar shinkafa wadda ta yi daidai cikin mutum biyu. Dasom ta gani, ta ce ai dama ba ta jin yunwa.

Tafiyar kanta ba laifi. Teku na hagu, duwatsu da itatuwa na dama, hanya tana lanƙwasa tana miƙewa yadda ta ga dama. A Sokcho suka cire takalma suka tsoma ƙafa a ruwa, ban da Inna, wadda ta zauna a kan dutse tana gadin jakunkunan da ba mai niyyar sata. A Jumunjin an shanya kifi a igiya kamar wanki, suka zauna aka gasa musu. Dasom ta zare ƙayoyin tsoka mafi kyau ta ɗora a kan shinkafar surukarta. Tsohuwar ta ɗauka da tsinken cin abinci ta mayar kwanon ɗanta.

"Ci, ka rame. Ban san me ake ba ka a gidan nan ba."

Gitae ya yi dariyar yaƙe ya zaro waya. "Inna, ku matso mu yi selfi!"

"Rana na dukan idona."

Haka aka yi ta yi gari bayan gari. Dasom ba ta fasa buɗe mata ƙofar mota ba, ba ta fasa saya mata maganin manna wa gwiwa ba, amma maganarta ta ragu, kuma Gitae ya san abin da hakan ke nufi.

Sun wuce Samcheok da hantsi suka iso wani ƙauyen masunta kusa da Uljin, inda aka jera ganyen teku a kan katako yana bushewa, kowane ɗauri ya fi mutum tsawo. Dasom ta ji mata a asibiti suna cewa miyar ganyen nan mai jego ke sha har ta warware, kuma uwar mace ce ke sayo mata tun ciki bai kai wata tara ba. Ta san ba mai sayo mata. Ta ce a tsaya za ta miƙe ƙafa, ta taka ita kaɗai zuwa wurin wata tsohuwa mai takalmin roba.

"Goggo, sannu da aiki. Wannan dogon nake so. A ɗan rage mini mana, kuma a ninka shi uku, motarmu ƙarama ce."

Mai ganyen ta dubi fuskarta, ta dubi cikin. "Na haihuwa ne?"

"E, Goggo."

"Na haihuwa kike neman ragi?" Tsohuwar ta tafa hannu, har matan da ke kusa suka waigo. "So kike a rage wa jaririn kwana? A ninka kuma! Don haihuwar ta zo miki a karkace ko? Ke 'yar nan, ba ki da uwar da za ta gaya miki ne?"

"Ba ni da ita, Goggo," in ji Dasom. Tambaya ce da ta sha amsawa.

Daidai nan Gitae ya iso, shi ga mai taimako. "Ba matsala, Goggo, kawo in karya shi biyu ya shiga but ɗin mota." Har ya ɗora ganyen a gwiwa, sai ji ya yi an tsinka masa mari a ƙeya — tas!

"Sake shi, sakarai! Da haka na haife ka?"

Maman Gitae ce. Ba wanda ya ga fitowarta daga mota. Ta fizge ganyen ta riƙe da hannu biyu, sannan ta juya kan mai sayarwa.

"Ke kuma, wa ya ce miki ba ta da uwa? Ni da nake tsaye a nan itace ce?"

"To ai ita ta faɗa..."

"Yarinya ce, me ta sani! Kawar da wannan, ya sha iska. Fito mini da na cikin ɗaki, wanda kike ɓoye wa 'ya'yanki."

Ba tausayi kaɗai ya taso ta ba, kunya ce. Shekara uku tana kiran yarinyar marar uwa a cikin ɗakinta, bai taɓa yi mata ɗaci ba sai da ta ji kalmar a bakin baƙuwa, a tsakiyar kasuwa. Abin da kowace 'yar ƙauye ta sani Dasom ba ta sani ba, don ba wanda ya gaya mata, wadda ya kamata ta gaya mata kuwa tana zaune a mota tana shan mur.

Aka fito da na cikin ɗakin, Maman Gitae ta ɗaga ganyen ta duba a rana, ta shinshina, ta ƙi na farko, ta ƙi na biyu, ta karɓi na uku. Abin da aka faɗa shi ta biya ba ta nemi ragi ba, matar da ko allura ba ta saye sai an yi rigima. Aka ɗaure shi da igiyar kara a miƙe.

Sai kuma ya ƙi shiga but. Dole aka zura shi ta tsakanin kujeru, daga gilashin baya har gaban direba, tsohuwar ta rungume tsakiyarsa kamar jariri.

"A hankali, Gitae! Ba ka ga kwana ba? In ya karye sai na karya ka!"

Dasom ta juya fuska wajen teku, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Ke kuma daina kukan nan, kada yarinya ta fito da kumburarrun idanu. Kin ci wani abu tun safe? Gitae, garin gaba ka tsaya a saya mata kaguwa. Mace da ciki kana ta yawo da ita da yunwa, wane irin miji ne kai?"

"To, Inna," in ji Gitae, ƙeya na zafi, baki har kunne.

Maman Gitae ba ta taɓa cewa a yafe mata ba, kuma Dasom ba ta nema ba. Tsofaffi irinta da aiki suke ba da haƙuri. Wanda ya daure ya ci gaba da kyautatawa, ko ya gaji, yakan ci ribar daurewarsa, kuma ba a auna mutum da dangin da bai zaɓa ba.

Da aka haifi yarinyar, Maman Gitae ta tare a gidan da tukunyarta. Ranar da Dasom ta fara iya tsayuwa, tsohuwar ta kira ta kicin, ta nuna mata kwanon da ganyen ke jiƙa.

"Matso ki kalli yadda ake yi, 'yata. Wata rana ke za ki sayo wa waccan jaririyar."