Kwana Bakwai a Kife

Bayan la'asar suka fita daga Gumel, Sabuwa a gaba tana jan jaki, mijinta Ɗantsoho a kife a kan jakin kamar taikin gero. Ta naɗa masa gammo a wuyan jakin, ya ɗora goshi a kai. Abin da yake gani ke nan: yashi da kofato.

Ɗantsoho maɗinkin manyan riguna ne a wani ƙauye kan hanyar Gagarawa, a zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba. Shekara talatin yana bin zare da allura, har yanar ido ta rufe masa idon dama, na hagun ma ya koma gani dishi-dishi. Da suka ji wani mai aikin ido daga Damagaram ya sauka a Gumel, sai suka je. Mutumin ya sa siririn tsinken ƙarfe ya ture yanar idon dama, ya ɗaure shi da baƙin ƙyalle, sannan ya ce:

"Kwana bakwai fuskarka tana kallon ƙasa. A haka za ka ci, a haka za ka yi salla, a haka za ka yi barci. In ka ɗaga kai ko sau ɗaya, aikina ya ɓaci, kuma babu mai iya gyara shi."

Yau kwana biyar. Guzurinsu ya ƙare, mai masauki ya fara ɗaure fuska, dole suka kama hanyar gida da yamma, don kada hasken rana ya taɓa idon.

Ɗantsoho ya gaji, irin gajiyar da ba ta da baki. Wuyansa ya sandare. Ƙeyarsa kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Goshinsa ya saluɓe, ƙirjinsa ya yi tsami, rabonsa da barcin kirki tun ranar aikin. Tsoron makanta ma ya fara gushe masa. Abu ɗaya yake so a duniya, ya miƙe wuya ya jingina ƙeya da wani abu.

Rana ta faɗi suna tsakanin gonaki, ba gida gaba, ba gida baya. Sabuwa ta tsayar da jakin a gindin wata aduwa.

"Malam, ruwa ya ƙare. Akwai rijiyar makiyaya bayan sabarar can. Bari in ɗebo mu yi alwala."

"Kada ki daɗe."

Ya ji takunta yana nisa, gora tana bugun ƙugunta. Kurciya ta yi kuka sau biyu. Gyare ya fara.

Can sai gyaren ya yi shiru.

Wani wari ya taso, warin jiƙaƙƙen toka, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba a wannan bazarar. Jakin ya miƙe kunnuwa. Ɗantsoho ya ji fatar dabbar tana rawa a ƙarƙashin ƙirjinsa.

"Sannu da gajiya, maɗinki."

Muryar a hankali take, ba ta namiji ba, ba ta mace ba. Babu sallama. Daga sama kuma ta fito, sama ƙwarai, kamar mai maganar ya kai tsawon aduwar.

Ɗantsoho ya yi sallama. Ba a amsa ba.

Ya ƙura idon hagu a ƙasa. Yashin da ke gefen jakin ya lotsa, kamar an taka. Ya sake lotsawa kusa da na farko. Babu ƙafa a wurin.

"Wuyan nan ya sha wahala," in ji muryar.

Hannu ya sauka a ƙeyarsa. Sanyi ƙalau, kamar randa da asuba. Yatsun dogaye ne, sun zagaye wuyan har sun haɗu a maƙogwaro. Suka fara murzawa.

Ciwon ya tafi.

Ciwon kwana biyar, ya tafi kamar an zare ƙaya. Daɗin abin ya sa hawaye suka zubo wa Ɗantsoho ta idon hagu. Jikinsa ya saki. Wannan ya fi muryar ba shi tsoro.

"Ɗago ka huta. Kaɗan kawai. Wa zai sani?"

Ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu. Ayar da yake karantawa tun yana ƙarami ta ɓace masa. Harshensa ya yi nauyi.

Sai muryar ta sauya. Ta koma ta mai aikin ido, har da karin harshen Damagaram.

"Kai, Ɗantsoho, na yi kuskuren lissafi. Kwana biyar ne. Ɗago in kwance maka."

Ya danna goshi cikin gammo.



Sannan daga wajen rijiya aka ƙwalla ƙara.

"Malam! Na zame! Malam, ɗago ka ga inda nake!"

Muryar Sabuwa ce. Ita ce sak, har da 'yar dishewar da take yi in ta gaji. Ya ji ƙarar faɗawa cikin ruwa.

Shekara ashirin da shida suna tare. Ita ta riƙe masa kai lokacin da ƙarfe ya shiga idon. Ita take ɗura masa kunu ta ƙasa, ita take kwana zaune tana tsare shi kada ya juya cikin barci. Mene ne amfanin ido in ba ta?

Ya dafa jakin zai tashi.

Yatsun suka sulale zuwa haɓarsa, suka tallafe ta, suna taya shi ɗagawa.

Nan ya tsaya. Abin yana taya shi.

Ya kai baki ya ciji gezar jakin, ya rungume wuyansa da hannu biyu. Yatsun suka ja. Ya ji haƙoransa suna motsi. Ƙarar tana ta zuwa, tana kiransa, tana roƙo, tana shaƙewa. Ya yi kuka cikin gashin jakin, bai sani ba ko matarsa ce ya bari take nutsewa.

Numfashi mai sanyi ya taɓa kunnensa.

"Ɗago."

Sai ya ji wani taku a yashi, mai nauyi, na mai ɗauke da ruwa. Takun ya matso, ya tsaya cak. Gora ta faɗi, ruwa ya malale har ƙarƙashin idonsa.



Hannu mai ɗumi, mai kaushi, ya lalubi igiyar jakin.

"Malam," Sabuwa ta raɗa. "Kada ka ɗago."

Ya saki gezar. "Ke ce?"

"Ni ce. Kada ka ɗago. Yana nan."

Ta ja jakin. Da ƙyar ya ɗaga ƙafa. Suka tafi a hankali, ita tana salati ƙasa-ƙasa, muryarta tana yankewa. A gefen hagu yashi yana lotsawa, taku ɗaya a duk takun jaki huɗu. Hannun bai bar ƙeyarsa ba.

Haka suka yi ta tafiya har suka jiyo ƙamshin hayaƙin tuwo, da haushin kare, da wani tsoho yana kiran sallar lisha a wani ɗan ƙauye.

Hannun ya ɗauke.

Ciwon ya dawo gaba ɗaya, har ya fi na da. Ɗantsoho bai taɓa murna da ciwo irin ta ranar ba.

A ƙauyen nan suka cika sauran kwana biyun, a zauren mai unguwa. Ranar bakwai Sabuwa ta kwance ƙyallen da kanta. Ya ɗaga kai a hankali, wuyan yana ƙara. Haske ya shigo. Ya ga azarar rufin zauren, ya ga tabarma, ya ga fuskar matarsa, ta rame, ta tsufa fiye da yadda ya san ta.

Idon ya yi. Bai koma ƙananan ɗinki ba, amma ya yi shekara tara yana haɗa riguna, yana ciyar da gidansa.

Sabuwa ce ba ta koma daidai ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ta gani a gindin aduwar ba, ko shi. Da rana lafiya lau take. Amma duk magariba, in ta kawo masa tuwo ta durƙusa, ba fuskarsa take kallo ba. Sama da kansa take kallo, sama sosai, na ɗan lokaci, sannan ta sunkuyar da kai.

Wata rana, bayan shekaru, ya gaji ya tambaye ta.

"Sabuwa, har yanzu?"

Ta tura masa akushin gabansa.

"Ci tuwonka, Malam. Kada ka waiwaya."